Jinyar da na yi bayan fitowata daga hannun masu garkuwa

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, a Kaduna nake zaune da iyalina. A daminar 2021 aka tare motarmu a hanyar Birnin Gwari aka kora mu daji. Ba labarin dajin zan bayar ba, sai abin da ya zama dole. Jinyar da ta biyo baya nake so in rubuta, domin na ga mutane da yawa da aka karɓo, aka yi musu barka da arziki, aka watse aka bar su da abin da ke cin su a rai, babu wanda ya gaya musu cewa abin nan yana da magani.

Da aka dawo da ni gida an yi min duk abin da aka saba yi wa wanda ya fito. An wanke gyambon da sarƙa ta yi min a ƙafa, an ƙara min ruwa, an ba ni maganin zazzaɓi. Gida ya cika da 'yan barka. "Ka auna arziki." "Ka gode wa Allah." "Abin da ya wuce ya wuce, a manta." Da zuciya ɗaya suka faɗa, kuma na gode wa Allah, har gobe ina gode masa. Mantuwar ce ta ƙi zuwa.

Barci ya ƙaurace min. Ina rufe ido sai in ji ana taɓa ƙafata da bakin bindiga. Idan babura biyu ko uku suka shigo layinmu a tare, kafin in ankara ina bayan ƙofa, gumi ya jiƙa ni, gabana yana dukan uku-uku. Baƙuwar lamba ta kira ni, hannuna ya hau rawa. Na taɓa shaƙar warin tabar wiwi a tasha, sai da na yi amai. Kasuwa ta gagare ni. A masallaci ba na wuce sahun ƙarshe, kusa da ƙofa. Abin da ya fi damuna shi ne tsawar da na koma yi wa yara, har mai ɗakina ta fara hana su wasa idan ina gida.

Inna ta tsaya tsayin daka. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an shafa man habbatus sauda. Ban ƙi ko ɗaya ba, kuma karatun Alƙur'ani yana sanyaya min zuciya ƙwarai, sai dai dare na yi abin ya dawo. Wasu suka ce aljanun daji ne suka biyo ni, wasu suka ce sammu. Har wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a kai ni gidan mari. Yayana ya ce sam, ya tuna masa abin da 'yan sanda suka gano a Rigasa a 2019, lokacin da aka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, wasunsu ɗaure da sarƙa. Mutumin da sarƙa ta mayar haka, a ce sarƙa ce za ta warkar da shi! Ni kuwa a ɓoye ina sayen ƙwayar barci a kemis, kullum sai na ƙara yawanta kafin ta kama ni.

A watan Yulin 2022 waɗanda suka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari a watan Maris suka saki bidiyo suna dukan fasinjojin da ke hannunsu. Wani ya turo min a WhatsApp, bai san abin da ya turo ba. Na kwana biyu ban fito daga ɗaki ba. A nan Yaya ya ce min in shirya, gobe za mu asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Duk ɗan Kaduna ya san abin da ake nufi idan aka ce an kai wane Barnawa, kamar yadda Bakano ya san Dawanau, Basakkwace ya san Kware. Na ce, "Yaya, yanzu mahaukaci ka ɗauke ni?" Ya ce, "Da ƙafarka ta ruɓe wa ya wanke ta? Tashi mu je. Idan babu amfani ni da kaina zan dawo da kai."

Mun yi sammako, aka yankar min kati, nas ta auna hawan jini ta ce ya hau. A benci na ga ɗalibai, na ga matan aure da goyo, na ga wani dattijo da carbinsa, mutane irin waɗanda kake haɗuwa da su a kowane asibiti. Da muka shiga wurin likita ya gaisa da Yaya, ya saurare shi, sannan ya roƙe shi ya ɗan ba mu wuri. Da Hausa ya yi min magana. Ya tambayi barcina, cin abincina, mafarkaina, abin da nake gudu, abin da nake sha. Na fito da ƙwayar kemis na ajiye masa a tebur, bai yi min faɗa ba. Sai ya sassauta murya ya ce, "Malam, akwai lokacin da ka ji da ma a ce ba ka raye?" Tambayar da babu wanda ya taɓa yi min ke nan, domin a wurinmu jin amsarta ma abin tsoro ne. Na ce akwai. Bai zabura ba, bai karanto min hukuncin wanda ya kashe kansa ba, domin ya san na sani. Ya tambaya ko na taɓa shirya wani abu, na ce a'a, ya ce to duk ranar da tunanin ya yi ƙarfi in gaya wa Yaya a kawo ni ko da tsakar dare ne.

Bayanin da ya yi min shi ne farkon sauƙina. Ya ce a ƙwaƙwalwa akwai sashen da aikinsa gadi, shi ke tayar da jiki idan haɗari ya zo, ya sa zuciya ta buga, a gudu ko a ɓuya. A daji mai gadin nan ya yi aiki dare da rana, kuma shi ya taimaka na rayu. Yanzu na dawo gida amma labari bai kai masa ba, ƙarar babur kaɗan sai ya busa usur. Ya ce kusan kowa yakan ji haka a makonnin farko, amma idan abin ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, ya zama ciwo mai suna a likitance, sojoji suna yinsa, waɗanda suka yi haɗarin mota suna yinsa, matan da aka yi wa fyaɗe suna yinsa. Ya rubuta min magani, ya ce sai ya yi makonni kafin in ji aikinsa, kada in yanke ƙauna in ajiye. Ƙwayar kemis kuwa ya ce kada in daina farat ɗaya, ya tsara min yadda zan rage ta sannu a hankali.

Na tambaye shi ruƙiyya fa? Ya ce in ci gaba. Sharaɗinsa kawai, duk abin sha da aka ba ni in kawo ya gani, kuma ban da duka, ban da ɗauri, ban da wanda zai ce in watsar da maganin asibiti. Da ya ce min in zaɓa tsakaninsa da malamin Inna, na san ba zan koma ba, kuma Inna ba za ta bari ba.

Shi ya haɗa ni da wani masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki da waɗanda tashin hankali ya rutsa da su. An tambaye ni namiji nake so ko mace, na ce namiji. Zaman farko duk a gaisuwa da sanin juna ya tafi. Ya tambayi asalina, kasuwar masara, lafiyar Inna. Dajin ko ambatonsa bai yi ba. Abu ɗaya ya nanata: abin da na faɗa a ɗakin nan amana ne, Yaya ba zai ji ba, mai ɗakina ba za ta ji ba, sai da izinina, in ban da ya ga raina ko na wani yana cikin haɗari. Sannan ya koya min yadda zan saukar da jikina idan firgicin ya taso. In dasa ƙafafuna a ƙasa, in ja numfashi ta hanci a hankali, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, in dubi abin da ke gabana in kira sunansa. Ya ce in ina so in haɗa da zikiri, kowane sakin numfashi da hasbunallahu wa ni'imal wakil. Haka na yi, kuma haka nake yi har yanzu.

Da muka zo maganar ba da labari sai na turje. Na ce, "Malam, ni Musulmi ne. Abin da ya same ni ƙaddara ce. In zauna ina tona shi, ai kamar ina kai ƙarar Ubangijina ne." Ya ce shi ba malamin addini ba ne, ba zai yi min fatawa ba, in je in tambayi malamin da na amince da shi. Na je wurin limaminmu bayan sallar isha'i. Dattijo ne mai sanyin hali. Ya ce, "Ɗana, Annabi Yaƙub da Allah ya ba mu labarin kyakkyawan haƙurinsa, ai kuka ya yi na rashin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma ba a zarge shi ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, ba shekarar baƙin ciki ake kiranta ba? Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce mu mu nemi magani. Gaya wa likita inda ke maka ciwo ba ƙorafi ba ne." Da na ga ƙofa ta buɗe sai na fito da abin da ya daɗe yana nuƙurƙusata. Na ce, "Allah gafarta Malam, a daji na yi salla ba alwala, jikina da najasa, wani lokaci ban san gabas ba, wasu sallolin ma sun wuce ni ina sume." Ya ce wanda aka ɗaure ya yi iya abin da zai iya, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, waɗanda suka kuɓuce kuma in rama su a hankali. Shekara guda ina ɗauke da wannan nauyi, ina ganin kamar na dawo da ƙazantar da ba ta wankuwa. Babu ƙwayar da za ta sauke min shi, kuma masanin nan ya san haka, shi ya sa ya tura ni inda ya tura ni.

Aikin gaske ya fara ranar da ya shimfiɗa igiya a ƙasa. Ya ce wannan rayuwata ce, bakin nan haihuwata, ragowar da ke naɗe kwanakin da ban kai ba tukuna. Ya kawo duwatsu manya da ƙanana, ya ce kowane mugun abu da ya same ni in ɗora masa dutse a gurbinsa. Ya gaya min cewa masana a jami'ar Konstanz ta Jamus ne suka tsara wannan hanya, an gwada ta a kan 'yan gudun hijirar Sudan da ke Uganda, kuma su furanni suke sa wa abubuwan farin ciki. Shi dabino ya kawo, domin ya lura magidantanmu ba su san me za su yi da fure ba. Na ɗora dabino a saukar Alƙur'anina, a aurena, a haihuwar 'yata ta fari, a ranar da na fara cika mota da kayana. Na ɗora dutse a rasuwar Baba. Da na zo 2021 sai na tara duwatsu wuri ɗaya. Ya ce in tsaya in dubi igiyar gaba ɗaya. Tun fitowata ban taɓa ganin cewa dajin wani ɗan yanki ne na rayuwata ba sai ranar.

Daga nan muka riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, mako-mako, daga yarinta zuwa yau. Idan muka zo kan dutse ba ya bari in tsallake da "sai suka yi abin da suka yi". Wace rana ce, da safe ne ko da yamma, me idona ya gani, me na ji, wane wari, me jikina ya yi a lokacin, me yake yi yanzu da nake faɗa. Idan na fara tafiya, ma'ana idona ya ƙafe na koma can, sai ya kira ni: "Malam, kana Kaduna, ga ƙafarka a kan siminti." Yana rubutawa, mako na gaba ya karanta min in gyara. Ba zan ɓoye ba, akwai wuya. Bayan wasu zaman nakan kwana da mafarkin da ya fi na da muni. Ya riga ya gaya min haka za a yi, kuma ba ya sallamata sai jikina ya lafa. Amma labarin da aka faɗa daga farko har ƙarshe, da rana da wuri, yakan koma abin da ya faru a baya. Kafin nan guntu-guntu yake faɗo min a duk lokacin da ya ga dama.

Dutse biyu suka fi nauyi. Na farko kunya. An tuɓe ni a gaban yaran da ba su wuce sa'annin 'ya'yana ba, an dake ni ana kiran gida a waya don su ji ihuna su gaggauta kawo kuɗi. Na yi kuka, na yi roƙo, kuma mai ɗakina ce ke riƙe da wayar. Tun dawowata ban iya haɗa ido da ita sosai ba. Masanin bai ce min kunya ba komai ba ce, ya san matsayinta a wurin magidanci. Tambayata ya yi: a cikin wanda aka ɗaure da wanda ya ɗaure, wa ya yi abin kunya? Bayan wani lokaci na yarda a kira ta. Ta zauna kanta a sunkuye, da ƙyar ta yi magana. Ta ce, "Baban Ummi, ni ihun nan shi ke gaya min kana da rai. Ranar da ba su kira ba ita ce ba na barci." Ashe ita ma tun lokacin ƙarar waya ke tsinka mata zuciya, ba ta gaya wa kowa ba don ana ganin ni ne marar lafiya. Aka haɗa ta da wata ma'aikaciya mace. A gidajen waɗanda aka sace, matan nan da suka karɓi kira suka bi dangi neman kuɗi, ban ga mai tambayar lafiyarsu ba.

Na biyu wani bawan Allah ne da aka ɗaure mu sarƙa ɗaya. Mutanensa sun kasa haɗa abin da aka nema, aka harbe shi a gabana. Kafin nan ya gaya min sunan ƙauyensu, ya ba ni saƙon bashin da ake binsa da wanda yake bi. Na fito na kasa zuwa, ko tuna sunan ƙauyen sai jikina ya ɗauki rawa. Da muka gama faɗar labarinsa, masanin ya tambaye ni me nake ganin ya rage tsakanina da shi. Na ce amana. Muka shirya tafiyar tare, wa zai raka ni, me zan faɗa, me ba sai na faɗa wa mahaifiyarsa ba. Na je da Yaya da wani da muka fito tare. Mun tarar iyalinsa suna tsakanin tsammani da fid da rai, matarsa ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Muka isar da saƙo, muka yi ta'aziyya, daga baya muka ba da shaida a gaban alƙali aka tabbatar da rasuwar, aka biya bashi, aka raba gado. Bayan wannan tafiya ne mafarkinsa ya ragu.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda a ganina duk mai jinyar irinmu da ya tsallake ta bai san aikinsa ba. Gonar gadonmu aka sayar aka fanshe ni, da gudummawar dangi da ta 'yan kasuwa. Duk ɗan'uwan da na gani cikin rashi sai in ce ni na jawo. Masanin bai ce min tunani ne kawai ba, domin gonar da gaske ta tafi. Ya ba da shawarar a zauna. Kawu ya tara mu, aka fayyace abin da yake kyauta da abin da yake rance, aka rubuta, aka sa shaidu. Ƙannena mata suka ce sun yafe rabonsu, na ce na karɓi rabi, rabi zan biya. Sanin adadin abin da ke kaina ya fi min zaman da nake yi ina jin kowa na bina.

Wani abin da ban so faɗa ba shi ne yadda na koma jin faɗuwar gaba idan na ji ana Fulatanci, har mai tallar nonon da ta shekara tana zuwa gidanmu na hana ta shigowa. A cikin ba da labarin ne na tuna cewa wanda ya riƙa ba ni ruwa a baki lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a daji Bafulatani ne, shi ma a ɗaure, an kore masa shanu sannan aka kama shi. Firgici ya shafe min shi, ya bar min fuskokin masu bindiga kawai. Mai nono ta dawo gidanmu.

Komawa harka da kaɗan-kaɗan aka yi. Na fara da zama a bakin titi ina jin wucewar babura har gabana ya daina faɗuwa, sannan tasha, sannan kasuwa, sannan na hau motar Saminaka sayen masara. Hanyar Birnin Gwari kuwa na ce ba zan bi ba a lokacin, masanin ya ce wannan ba ciwo ba ne, hankali ne, domin haɗarin yana nan. A zaman ƙarshe ya karanta min labarina gaba ɗaya, muka sa hannu, ya miƙa min. Likita kuma ya janye maganin a hankali bayan watanni.

Ban ce na koma yadda nake da ba. Da aka kwashe 'yan makarantar Kuriga a watan Maris na 2024 barcina ya sake lalacewa, na koma aka ɗan ƙara min zama, ya daidaita. Yanzu ina shiga sahun gaba, yarana suna wasa a gabana.

Abin da ke damuna shi ne na samu wannan ne don ina cikin Kaduna, ina da wa mai tsayawa, kuma muna iya biyan kuɗin mota da na magani. Yawancin waɗanda ake sacewa manoma ne na ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Zamfara da Katsina, waɗanda fansa ta riga ta cinye abin hannunsu. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma a birane suke. A ganina hanya mafi kusa ita ce a horar da ma'aikatan asibitocin karkara, a kuma zauna da limamai da malaman Islamiyya a nuna musu alamomin ciwon, domin wurinsu ake fara zuwa, kuma kalma ɗaya daga bakinsu takan kai mutum asibiti ko ta hana shi.

Wanda muka je ba da shaida tare har yanzu bai yarda ya ga likita ba. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, matarsa kuwa ta gaya wa mai ɗakina cewa a zaune yake kwana da adda a gefensa. Na yi magana da wansa da limamin unguwarsu, na kuma gaya masa duk ranar da ya shirya ni zan zo in ɗauke shi, kuɗin kati da na mota a kaina.